Fuskar da Ɗiyata Ba Ta Ɗauko Ba

Tun cikina yana wata huɗu nake tsoron kada fuskata ta koma irin ta Inna. Inna tana da wani baƙi a kumatu biyu da karan hanci, kamar an shafa mata gindin tukunya aka goge bai fita duka ba. Ta ce lokacin da take ɗauke da ni ya same ta, kuma tun daga nan ya zauna. Ni a lokacin fuskata sumul take, amma kowace safiya sai na fita tsakar gida da madubi, ina juya kai, ina neman abin da bai zo ba tukuna.

A wata na shida ya zo. Ƙarƙashin idon hagu ya fara, bai fi ƙwayar wake ba. Kafin in haihu ya haye hanci ya kama ɗaya kuncin. Idan na cire hijabi sai in ga iyaka sarai: inda ƙyalle yake rufewa kalata ta da tana nan, tsakiya kuwa kamar fuskar wata mata aka ɗora mini.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Nasarawa Burkullu, kuma ba mu da inuwa. Darbejiyar da ke tsakar gida surukina ya sare ta, wai saiwarta tana fasa katanga. Sussuka, shiƙa, shanyar kuɓewa, wanki, duk a rana nake yin su.

Ƙanwata kuwa a Gummi take aure, gidan mai shago. Shekara biyu ce tsakaninmu, kuma da muna 'yan mata har rikita mu ake yi. An rufe mata tsakar gida da rumfar kwano, famfo yana bakin ɗakinta. Sai ta yi mako rana ba ta taɓa goshinta ba. Shekararta uku da aure ba ta ko yi ɓari ba. Ina tausayinta, Allah ya sani, amma tausayin yakan gudu da zarar ta zauna kusa da ni.

Na haifi mace, fara sol. Mata suka duba kunnenta, don can ake gane kalar da jariri zai tsaya a kai, suka ce wannan ba za ta rine ba. Inna ta ɗaga ta ta ce ƙanwata ce ta dawo jaririya. Ina kwance ina ji. A wurinmu mace ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa gaban mutane, ba ta buɗe baki ta ce tawa ce. Kunya ke nan, kuma da ita ake auna tarbiyyar gidan da kika fito.

Yarinya tana wata takwas muka je suna Anka, gidan goggonmu. Ƙanwata ta karɓe ta tun daga bakin ƙofa, ta sake mata riga, ta sa mata kwalli. Wata baƙuwa da ke gefenmu ta ƙura musu ido, ta ce:

"Masha Allah, wagga ɗiya ta kwaso uwa tas. Har hancin."

Sannan ta juyo wajena ta ce, "Yaya, ke ba ki zo da naki ba? Ko sun yi girma?"

Ban iya cewa komai ba, don ba a cewa. Amma ƙanwata tana iyawa, kalma biyu ta ishe ta. Sai ta yi murmushi ta gyara wa yarinya hula. Har muka hau babur muka dawo gida murmushin nan nake gani.

Daga ranar na tasar wa fuskata. Wata maƙwabciya ta ce in matsa lemun tsami in cuɗa da sabulun salo, in bar shi ya bushe. Nakan shafa da hantsi in fita shanya da shi, a tunanina rana za ta taimaka ya shiga. Tabon ya ƙara duhu, gefen baki ya tsattsage. Sai na karɓi wani mai wajen mai tallar kayan kwalliya, a robar da babu rubutu, ita take haɗa shi da kanta. Mako biyu na yi haske har maigidana ya tambaya ko ba ni da lafiya. Na ji daɗin tambayar. A mako na biyar fuskata ta fara zafi idan na kusanci murhu, ƙananan ƙuraje suka feso, in na fita rana sai in yi ja kamar gauta. Da na bari kwana uku, baƙin ya dawo ya fi na farko.

Ranar awo na kai yarinya asibiti. Malamar da ke duba mu Kirista ce daga wata jiha, ta daɗe a nan, Hausarta tana da ɗan gargada amma ba ta ɓoye magana. Ta ajiye katin, ta kama haɓata ta juya ni wajen taga. Ta tambayi abin da nake shafawa, na ce man kaɗe kawai. Ta nuna goshin yarinya inda wasu ƙuraje suka fito, ta ce:

"Ita ma man kaɗe ne? In tana shan nono, ba fuskarki take shafawa ta kai tata ba?"

Na sunkuyar da kai, na faɗa mata zancen man robar. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. A ɗaki, inda babu mai gani, kumatuna a kan nata suke wuni.

Ta ce in jefa robar a masai. Ta ce wannan tabo ciki ne yake kawo shi, rana ce take ciyar da shi, kuma ba ciwo ba ne. Lemun tsami a fuska sannan a shiga rana ƙuna ce kawai. In riƙa wankewa da sabulu marar zafi, ban da dirza, in shafa man kaɗen gaske. Akwai man kare rana a kemis idan da hali, amma inuwa ta fi komai. Na tambaye ta yaushe zai tafi. Ta ce a wasu yana dusashewa, a wasu yana raguwa kawai, ita ba za ta yi mini alkawari ba.

Na roƙi maigidana ya kafa mini rumfar kara wajen turmi, ya kafa. Inda rumfa ba ta kai ba, tsohuwar malfarsa nake ɗorawa kan hijabi. Ƙanwarsa ta shigo ta gan ni ina shanya a haka, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Barka da kiwo, Ardo. Shanun fa, ko sun yi gaba?" Har yau Ardo take kirana. Zafin ya daina, ƙurajen suka mutu, nawa da na yarinya. Tabon kuwa yana ja da baya kaɗan-kaɗan, sai wanda ya daɗe bai gan ni ba yake lura.

Da lokacin yaye ya yi, Inna ta ce ƙafarta tana ciwo, a kai yarinya Gummi maimakon wajenta. Mako uku aka ce. Wata biyu ya wuce ba a yi zancen dawowa ba. Ran nan maigidana ya nuna mini hoto a wayarsa: ƙanwata da yarinya cikin atamfa iri ɗaya, kunci a jikin kunci, kala ɗaya, babu inda ta wannan ta ƙare ta waccan ta fara. Na ce sun yi kyau. Na koma bakin turmi na daka geron da ya riga ya daku.

Sai Inna ta aiko in same ta Gummi. Na iske ta a ƙarƙashin rumfar kwanon nan, da goggo, da uwar mijin ƙanwata. Yarinya tana cinyar ƙanwata, ta dube ni ta ɓoye fuska a ƙirjinta. Inna ta yi dogon bayani a kan zumunci. Ta ce ni Allah ya buɗe mini ƙofar haihuwa, 'yar'uwata kuwa ɗakinta shiru, kuma ga yarinya ta saba, ko baƙo ya gan su ba zai raba ba. A bar mata riƙo. Ba tambayata ake yi ba. An san uwar 'yar fari za ta dubi ƙasa, shirun nan shi ne amincewarta.

Na dubi ƙasa. Sannan na ji bakina ya kira sunan yarinyar, gaban kowa, karo na farko tun da aka raɗa mata shi.

"Ni na haife ta, Inna. Da ita za ni koma."

Goggo ta kama baki ta ce, "Mi kika ce?" Ban maimaita ba, ban kuma janye ba. Ƙanwata ta sauke ɗiyar a hankali, ta shiga ɗaki, ta fito da kayan yarinya a ninke, har da ƙaramin kofin da take shan koko. Idonta ya yi ja. Ko a haka sai da na lura kuka ma kyau yake yi mata, na kuma ji haushin kaina da na lura.

Yarinya ta yi kuka tun daga Gummi har gida. Kwana huɗu tana ture hannuna, tana kiran wadda ta baro. Yanzu ta sake, tana bina wajen turmi. Inna tana amsa gaisuwata a taƙaice, kuma a dangi an san ni da wadda ba ta da kunyar ɗan fari. Ƙanwata ba ta kira ba, ni ma ban kira ba, ko da yake na san ba ita ta fara zancen ba.

Roƙona ga iyaye mata da goggonni da wannan zai iso gare su: idan za ku ba da riƙon ɗan fari, ku ja uwar ɗaki ita kaɗai, ku saki labule, ku tambaye ta. Ku jira har ta amsa da bakinta.