Farashin Albasa a Zauren Kawu

Bayan na gama bautar ƙasa na dawo Bagudo, na shafe kusan wata huɗu ina juya tambaya guda: a kan me zan gina shafina na talla a intanet. Darussan da nake kallo a waya duk abu ɗaya suke nanatawa, wai kada mutum ya ce zai tallata komai, ya zaɓi fanni guda wanda mutane ke nema kuma akwai riba a cikinsa. Faɗa ba wuya. Ni kuwa ko takalmi zan saya sai na je kasuwa sau biyu.

Na fara duba wayoyin hannu, sai na ga waɗanda suka riga ni sun fi ni jari da iya baki. Na leƙa magungunan gargajiya, inda aka ce kuɗin suke, amma na kasa rubuta cewa abu yana warkarwa alhali ban tabbatar ba. Shinkafa kuwa, a bakin iyaka irin namu, ban so wata rana a tambaye ni ta ina buhun ya shigo ba.

Tunanin albasa ya zo mini ne a Illo, a zauren kawuna, yayan mahaifiyata. Shi fatoma ne, mai saukar da baƙin 'yan kasuwa: su kwana gidansa, su ci tuwonsa, ya kai su wurin manoma, ya tsaya tsakani har a yi lodi. Ba shi da shago, gonarsa ma ƙarama ce. Abin da ya mallaka shi ne, idan ya ce buhu kaza ne, daga Lafagu har tsallaken iyaka ba mai sake tambaya.

Na lura duk baƙon da ya kira shi, bayan gaisuwa tambaya ɗaya ce: nawa albasa yau? Sai na ce a raina wataƙila ga fannin. Shafi mai faɗin farashi kowace ranar kasuwa, 'yan kasuwa su riƙa shiga, masu sayar da buhuna da masu motoci su biya a sa tallarsu. Na buɗe shafin, amma ban gaya wa Kawu ba. Na ce gwaji ne, in ya kama sai in yi masa bayani. Yanzu ina ganin tsoron kada ya hana ni ne.

Nakan zauna a zaure ina jin ciniki, sannan in fita gindin mangwaron ƙofar gida, inda waya ke kama sabis ɗinmu ba na ƙasar Benin ba, in rubuta abin da na ji. Cikin sati uku masu shiga shafin suka yi yawan da ban zata ba. Na fara jin kamar na dace, ko da yake ban yarda na faɗa wa kowa haka ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, wani Alhaji da ya daɗe yana sauka wurin Kawu daga can tsallake ya shigo da waya a hannu, bai ko zauna ba.

"Fatoma, shekara nawa muna tare? Ga farashin da aka rubuta jiya, ga wanda ka faɗa mini. Saura ina ya shiga?"

Kawu ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, sannan ya miƙo mini. "Mai digiri, karanta mini. Ƙananan rubutun ga sun fi ƙarfina."

Na karanta rubutuna da bakina.

Kawu ya ce, "Wanga ai farashin sabuwa ne, wadda anka cire shekaranjiya. Kai ko tsohuwa ka ce in nemo maka, wadda ta sha iska a rumfa, ta kai bakin teku ba ta ruɓe ba. Wanda ya rubuta wanga bai san albasa ba."

Alhajin ya ce, "Bai ce sabuwa ba, bai ce tsohuwa ba. Albasa ya ce, kuma a rubuce yake."

Alhajin ya sunkuya ya ɗauki jakarsa. A Illo, baƙo ya tashi daga gidan fatomansa ya koma wani gida, kafin la'asar kasuwa duka ta ji, kuma ba wanda zai tsaya tambayar dalili. Na san haka. Duk da haka sai da ya kai bakin ƙofa sannan na iya magana.

"Alhaji, ni na rubuta. A nan zauren na ji, ban san albasar kashi biyu ce ba."

Ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ashe kai ne jaridar." Ya ajiye jakar, ya ce a kawo masa fura tunda jarida ta janye labarinta.

Aka gama lodi bayan azahar. Kawu ya kira ni rumfar ajiya, ya ce, "Maganar da ka ji cikin zaurena ba tawa ba ce, ta baƙona ce da manomi. Ni kaina ban da ikon ba ka ita." Sannan ya ɗauko albasa biyu ya sa mini a hannu. "Matsa wuyan kowacce. A wacce ka ji ruwa?"

A ranar na cire farashi daga shafin. Ban bar maganar albasa ba, amma yanzu abin da nake rubutawa shi ne yadda ake gane sabuwa da tsohuwa, yadda ake shirya rumfa, da irin buhun da ba ya dafa kaya a hanya. Kowane rubutu sai na karanta wa Kawu kafin in sa, yakan kuma gyara mini rabinsa. Masu shiga sun ragu sosai. Wani mai sayar da buhuna ya sa talla, wani direba ya ce zai yi shawara. Ba zan iya cewa na zaɓi fanni mai riba ba; mai yiwuwa wani ya ɗauki na farashin ya ci gaba da shi, kuma wani lokaci tunanin yakan dame ni.

Alhajin har yanzu gidan Kawu yake sauka. Duk sanda ya gan ni sai ya ce, "Jarida, nawa albasa yau?"

Nakan ce, "Alhaji, ga Kawu can a zaure."