Matar da Na Yi wa Kitson Macizai

Wautar da na tafka a duniya tana da yawa, amma wannan ce kaɗai ba na iya kai labarinta ƙarshe ina dariya. Jiya jikata ta nuna mini yadda take sake zanen Turawan dā a kwamfuta, tana sa musu fuskokin mutanenmu. Na ce ta rufe. Ni na riga ta, tun shekarun saba'in, da buroshi.

Lokacin ina fentin bayan manyan motoci a Gusau: zaki, shaho, ɗawisu. Karatuna aji biyu ne, na biyun ma ta taga na yi shi. Wani malamin makaranta ya ba ni takardar da ta yage daga littafi, hoton wata mata mai macizai a madadin gashi. Ya ce tatsuniyar Girkawa ce, duk wanda ya haɗa ido da ita sai ya zama dutse.

Wani direba mai kai hatsi Tsafe ya ce in zana masa abin da zai kore masa bakin mutane. Na zana masa matar nan mai macizai. Sai Shaiɗan ya raɗa mini in ba ta fuskar mai tuwon tashar Tsafe, wadda ta taɓa kwaɗa mini ludayi don na tsoma hannu a tukunyar nama. Na sa mata tsagarta da wushiryarta, macizan kuwa na jera su kamar kitson shuku. Da na zo kan idanu ban yarda na kalle su kai tsaye ba. Na juya baya, na ƙarasa su ina leƙe ta madubin mota.

Kasuwa biyu motar ta ci, sai wani ɗan dako ya yanke jiki ya faɗi a gindinta yana sauke buhu, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka ce ya sandare. Wa ya baza zancen dutse tun farko? Ni, da bakina, wajen hira. Kafin mako maganar ta kai Bungudu: wai mai fenti ya gani da idonsa, mai tuwon Tsafe mayya ce. Bencinta ya koma ba kowa. Mata na janye 'ya'yansu in ta wuce. Har na ji ana shawarar a kore ta daga garin.

Na tare motar na shafe zanen da farin fenti. Da ya bushe, idanun suka leƙo ta ƙarƙashi. Na bi da baƙi, shafi uku.

Sannan na tafi rumfar mai tuwon. Na durƙusa na ce, "Inna, na shafe." Ƙasa nake kallo, ban yarda mun haɗa ido ba.

Ta zuba mini malmala biyu cikin tuwon da bai sayu ba, ta ce, "Ci, ɗan nan. Yau kai kaɗai ne."

Na yanki loma, kaina na ƙasa. Can ta ce, "Kai da ka ƙirƙiro abin da hannunka, me ya hana ka ɗago ka dube ni?"