Na Yi Wa 'Yata Wankan Jego Jininta Yana Ƙarewa

Assalamu alaikum. Shekara huɗu da suka wuce, in aka haihu a ƙauyenmu da ke bakin fadama tsakanin Haɗeja da Guri, ni ake fara aika wa. Ni ba ungozoma ba ce, gwanar jego ce. Na san zafin ruwan da ke gasa jiki, na san kunun kanwar da ke kawo nono, kuma ina taƙama da haka har ba na son a gyara mini. Haihuwa tara na yi a kan tabarma, don haka in aka ambaci asibiti sai in taɓe baki.

'Yata ta fari ta dawo gida goyon ciki tun yana wata bakwai. Ta je awo sau biyu, aka ce mata ta haihu a asibiti, da ta gaya mini na yi dariya na ce ai uwarta asibiti ce. Lokacin yankan shinkafa ne, maza duk suna fadama, ta sauka da hantsi a hannun ungozomar ƙauyenmu, ta sami 'ya mace. Mabiyiya ta faɗo, muka yi murna, amma jini bai tsaya ba. Na canza mata zani, na sake canzawa, na uku ma ya jiƙe. Na ce wa ungozoma ƙazanta ce ke fita, gara ta fita duka, ita ma ta yarda ta tafi gida.

Wajen azahar 'yar tawa ta fara kukan ƙishirwa. Na taɓa hannunta na ji sanyi kamar gindin randa, ga kuma gumi a goshinta. Leɓenta ya yi fari, tana numfashi sama-sama, ta kasa kwanciya wuri ɗaya. Sau biyu tana tambayata mace ta haifa ko namiji, alhali an nuna mata. Ƙanwata da ke wurin ta ce, cikin ladabi, ko za a nemi mota. Na daka mata tsawa, na tambaye ta jego nawa ta taɓa yi wa wani. A ganina sanyi ne ya shige ta, maganin sanyi kuwa ruwan zafi, sai na hura wuta na ɗora tukunya da ganyen darbejiya.

Sai da muka riƙe ta mu biyu kafin ta kai bayan ɗaki. Ta ce mini tana ganin duhu, ta roƙe ni in bar ta ta kwanta. Na tsokane ta da ragwancin 'yan zamani, na zaunar da ita a kan turmi, na yi ta fyaɗa mata ruwan. Tana cikin hannuna jikinta ya saki. Da muka mai da ita ɗaki ta yi shiru, har na juya na ce wa ƙanwata ta gani, ga shi ta sami barci. Sai da na ɗura mata kunu ya biyo ta gefen baki sannan na gane ba barci ba ne.

Aka kira mijinta daga gona, aka samo adaidaita sahu. Ko a nan ma a zaune muka ɗauke ta, kanta a kafaɗata, hanya kuwa ruwan damina ya cinye ta. Mun isa asibiti a Haɗeja bayan la'asar. Ma'aikatan suka taso da gudu, suka yi ta neman jijiyar da za su sa mata ruwa, hannu da ƙafa, da ƙyar suka samu. Mijinta ya miƙa hannu a ɗebi jininsa. Kafin a gama shiri ta cika, ko nono ba ta ba 'yarta ba.

Bayan sadakar bakwai na kai jaririyar asibitin a duba ta, na tarar da ɗaya daga cikin ma'aikatan jinyar nan. Na roƙe ta don Allah ta gaya mini gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce abin da ya sami 'yata su shok suke ce masa, wato jini ya kasa zagaya jiki yadda zai ishi zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙoda. In jini ya yi ƙaranci, jiki yakan janye shi daga fata da hannuwa ya tattala wa waɗannan, kamar mai noman rani da ruwa ya yi wa kaɗan, ya toshe fangalin nesa. Wannan ne sanyin da na ji. Ruwan zafi kuwa buɗe hanyoyin fata yake yi, ɗan jinin da ya rage ya watsu, tsayuwa da zama kuma su hana shi kaiwa ka. Na tambaye ta da mun zo tun da azahar fa, ta sunkuyar da kai ta ce rai na Allah ne.

Na sani ajali ba ya jira. Amma na kuma san abin da hannuna ya yi, kuma ina istigfari a kansa kullum. Mijinta bai taɓa gaya mini magana ba, har yau yana durƙusawa ya gaishe ni, wannan ya fi zagi yi mini ciwo.

'Yan'uwana mata, musamman mu manya da ake jin maganarmu, ku ji tsoron irin girman kaina. Ba mai jego kaɗai ba, ko wanda ya yi hatsari, ko mai amai da gudawa, ko mai zazzaɓi mai tsanani, in kuka ga jiki ya yi sanyi da gumi, numfashi na sauri, ga ƙishirwa, ga magana ta rikice, kada ku jira. Ku kwantar da shi, ku ɗan ɗaga ƙafafunsa, ku lulluɓe shi, kada a ɗura masa komai, a tafi asibiti a kwance nan take. Shirun da ke biyo baya ba sauƙi ba ne. Yarinyar da 'yata ta bari tana hannuna, ni take kira uwa, kuma wata rana za ta tambaye ni yadda aka yi. Ku taya ni da addu'a in iya gaya mata.