Hatimin Baba a Kan Faifai

A ƙarshen shekarun casa'in ni ce mai buga tafireta a wani ƙaramin ɗakin karatu a Suleja. Shugabanmu dattijo ne, Baba muke ce masa. Dokarsa ɗaya ce: duk abin da ya shigo sai an manna masa takarda an buga hatimi. Ko fanka ba ta tsira ba.

Wata rana aka sauke mana tsohuwar kwamfuta daga wani ofis a Abuja, an goge cikinta tas. Aka ce in wata ya ƙare ba ta aiki, za a ba wasu. Ni kuwa na ƙwallafa rai a kanta, don na gaji da sake buga katunan littattafan da gara ke cinyewa.

Yayana, da ke bin bas zuwa aiki Abuja kullum, ya aro mana faifai wurin abokin aikinsa. Ya ce manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ce a ciki, kyauta ce, kowa na da izinin kwafa ya ba wani. Baba ya taɓe baki. A wurinsa kwafar kayan mutane sata ce, kuma araha ba ta ado. Duk da haka ya karɓa ya adana.

Ranar Asabar yaya ya zo don ya sa manhajar, ya buɗe kwalin faifan, ya ciro shi. Ashe Baba ya yi aikinsa. Da ya ga fuska ɗaya da rubutu, bai so ya rufe shi ba, sai ya shafa gam a fuska mai ƙyalli, wadda kwamfuta ke karantawa, ya manna takarda, ya dangwala hatimi. Kuka na so yi, dariya ta riga shi fitowa.

Baba kam kunya ta kama shi, har na ji tausayinsa. Mutumin da ya shekara talatin yana faɗa kan naɗe shafi, yau shi ya lalata kayan aro. Ya gyara hula zai tafi Abuja ba da haƙuri. Yaya ya ce ya zauna, mai faifan ma kwafa ya yi.

Saura kwana uku wata ya ƙare yaya ya kawo faifai biyu. Kwamfuta ta tashi, baƙin allo da fararen haruffa, na shigar da sunan littafin farko. Ba wanda ya sake zancen ɗauke ta.

Baba ya ɗaga faifai na biyun. "Wannan fa?"

"Na masu aro ne, Baba," in ji yaya.

"In bai dawo ba fa?"

"Sai mu kwafi wani."

Ya daɗe yana juya shi. Sannan ya ce tunda yake bai taɓa ba da aro babu fargaba ba sai yau. Ya ajiye shi a kantar gaba, inda kowa zai gani. Hatimin a kan kwali ya buga, bayan ya tambaye ni sau biyu ko nan ne daidai.