Lissafin rodina a hannun Baba Okoro

Jama'a, yau dattijo mai shekara tamanin ya ba ni maki huɗu bisa goma.

Kafin yau, na yi imani cewa lissafin da kwamfuta ta karɓa ba ta yi ƙorafi ba daidai yake. Da shi na fitar da adadin rodin benen da za mu zuba wa kankare jibi a Kwaciri.

Da hantsi na biya Sabon Gari gaida Baba Okoro, malaminmu na lissafi a sakandare. Na buɗe masa teburin lissafin a kwamfutata, ina ɗan alfahari. Ya dubi dogon layin haruffa da alamomin baka-biyu, ya ce, "Sani, wannan jerin tururuwa ne. Rubuta mini kamar mutum."

Na danna wurin da ke mayar da shi yadda ake rubutawa a allo, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa. Ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa.

"Tsawon ginin nan, me ya kai shi ƙarƙashin layi?"

Baka ɗaya na rufe a inda bai dace ba, rodin ya ragu! Sau uku na duba layin nan ban gani ba.

Na ce, "Baba, ka ceci rayuka."

Ya ce, "Huɗu bisa goma. Zauna ka ci doya."

Na kira mai lanƙwasa rodi na dakatar da shi. An ɗaga zubin zuwa Asabar.