Na Fitar Da Malami Na Zuba Albasa

Ni mutumin karkarar Galma ne, manomi ɗan manomi. Lokacin da abin nan ya faru na ɗan haura shekara arba'in, kuma ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna. Shekara tara na yi ina zuwa cin rani Abijan. Da abin da na tara na sayi fili a Madawa, na gina ɗaki uku na ƙasa da rufin azara, na shafe daɓen da siminti, na kewaye da katanga. Niyyata in sa haya, in ƙarfina ya ƙare gidan ya ciyar da ni.

Wanda ya fara shiga wani malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da aka kawo daga Keita, shi da matarsa da ƴaƴansu huɗu. Ina kiransa Mushe, yadda muke kiran malaman boko da Faransanci, yana kirana Baba, ko da yake ban girme shi da yawa ba. Shekara bakwai ya yi a gidan ba mu taɓa samun saɓani ba. Ranar kasuwa in na biya ta gidan, zai shimfiɗa mini tabarma ya ɗora shayi. Kullum na dubi bangon sai in gan shi sumul, rufi ba ya yoyo, in koma ƙauye ina faɗa wa mutane cewa gini irin nawa sai an tona.

Wata shekara, bayan an cire albasa, wani mutum daga wajen Buza ya same ni. Ya dawo daga Libiya da kuɗi, ya shiga sayen albasa don ya ajiye har ta yi tsada. Ya ce ba ya son rudu, wato rumbun zana da muke ajiye albasa a ciki, don yana tsoron ɓarayi da gobara. Ɗaki mai ƙofar ƙarfe yake so, kuma zai ba ni ninkin abin da malamin ke biya. A nan laifina yake. Tun ina yaro nake noman albasa, na san iska take so ta ƙasa da ta sama, na san in aka kulle ta a ɗaki cikin zafi ruɓewa za ta yi. Na sani sarai, amma na yi shiru. Na ce wa raina albasa tasa ce, ni kuɗin ɗaki kawai zan karɓa.

Na je na yi wa Mushe ƙarya, na ce ɗana zai yi aure yana bukatar gidan. Ya roƙe ni in bari har a yi hutun damina yara su gama jarrabawa, na ce wata ɗaya kawai zan iya ba shi. Bai ɗaga murya ba, ya ce gida nawa ne. Ranar da ya miƙo mini makullai ya riƙe ni a ƙofa ya ce in kula da indararon gabas, yana toshewa, kuma rufin ɗakin tsakiya yana son a ƙara masa ƙasa kafin ruwan farko. Na gyaɗa kai, hankalina yana wani wuri.

Mai albasa ya jera buhuna har rufi, ya toshe tagogi, ya sa kwado, ya bi mota ya tafi Gana da makulli a aljihu. Ruwa ya sauka, ni kuma na shige gona na manta da gida. Ana tsakiyar damina maƙwabci ya aiko in zo maza. Tun daga bakin layi wari ya tarbe ni. Baƙin ruwa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofofi, ƙudaje sun rufe bango. Muka fasa kwado a gaban mai unguwa. Albasa ta narke, ruwanta ya bi tsagar siminti ya jiƙe gindin bango. Indararon gabas ya toshe, ruwa ya kwanta a sama, azarar ɗakin tsakiya ta karye, ƙasa ta rufto kan buhuna. Wata tsohuwa ta leƙo ta katanga, ta toshe hanci da gyale, ta tambaye ni ko amaryar ɗana ce ta sa wannan turare. Mutane suka yi dariya, ni ko na rasa inda zan sa fuskata.

A ranar ne maƙwabta suka faɗa mini abin da ban sani ba. Kowace shekara kafin ruwa, Mushe da kansa yake sayen ƙasa a amalanke, ya hau rufi ya daddale, ya share indararo, ya yi yaɓe inda ya zaizaye. Bai taɓa faɗa mini ba, bai taɓa cire komai daga kuɗin haya ba. Ashe ginin da nake yabon kaina da shi, hannunsa ne ke riƙe da shi.

Da mai albasa ya dawo, ya ce rufina ne ya kashe masa dukiya, na ce albasarsa ce ta kashe mini gida. Ba takarda tsakaninmu, dattawa suka ce kowa ya ɗauki asararsa. Na sayar da bijimina na huɗa na yi gyara, aka fasa daɓe aka sake. Duk da haka, da rana ta yi zafi sai warin ya taso daga bango. Wanda duk ya zo duba ɗaki, zai shaƙa sau ɗaya ya ce zai yi shawara. Shekara guda gidan ya yi ba kowa.

Daga baya na nemi Mushe a wata unguwa, na tarar da su a ɗaki biyu matsattsu. Ya shimfiɗa mini tabarma kamar da. Na faɗa masa gaskiya, ya ce ya sani tun ranar da ya ga baƙo yana auna ɗakunan da ido. Na nemi gafara, na roƙe shi ya dawo. Ya ce gafara ya yi ta tuntuni, amma uwar yara ta ce ba za ta koma gidan da aka ba ta wata ɗaya ta kwashe kaya ba.

Yanzu wani tela ne a ɗaki biyu, na tsakiya kuwa har yau na kasa samun mai shiga. Ga wanda ke shirin sa kuɗinsa a gidan haya, ga abin da na koya. Kafin ka tambayi nawa mutum zai biya, tambaye shi me zai yi a ɗakin, ku rubuta a takarda gaban shaidu. Gidan ƙasa yana son mutum a ciki, wanda zai ga ɗigon farko ya tashi. Ka riƙa hawa rufinka da kanka kafin damina, ka san wa ke gyara maka. In Allah ya ba ka ɗan haya mai kula da gida, kada ka fitar da shi don wani ya ƙara maka kuɗi. Rufi na gyara shi cikin sati uku, amma mutumin da na kora bai dawo ba.