Littafin da Na Hana Malam Garba

Ranar da na hana Malam Garba littafi a gaban abokiyar karatunsa ba ta fita daga kaina ba. Tun da na fara wannan sana'a, ranar kaɗai na hana mai saye kaya.

Takardar ƙunshi nake sayarwa a kasuwar Lolo. Buhunan daga ƙetare suke zuwa, ɓangaren Benin: tsofaffin jaridu, littattafan makaranta na Faransanci, jefi-jefi na Hausa. Ku da kuka shigo aikin yanzu, ga tsarinsa. A cire bango, a yanke ɗinki da wuƙa, a ɗaure dami-dami, a kai wa masu suyar kifi da ƙosai. Takarda mai rubutun Larabci ba a ƙunshi da ita. Ware ta ake yi, a ƙone, a zuba tokar a gulbi. Ban yi karatu ba, amma na san kamannin wannan rubutu.

Mutum biyu ke zuwa rumfata ranar kasuwa kafin in sa wuƙa. Malam Garba, tsohon malamin firamare daga Bagudo, da Madam Rabi, ungozomar wani asibiti a ƙetare, mai karanta na Faransanci. Sukan zauna kan buhu suna tono, kowa na ba ɗan'uwansa labarin abin da ya karanta a makon. Ƙa'idarsu ɗaya: wanda ya fara ɗaga littafi, nasa ne. Ni ina yanka ina saurare. Wani lokaci in ɗago kai in ga kasuwar ta yi mini nisa.

Ranar nan da damina ce, an ɗauke ruwa ke nan. Malam ya kai hannu cikin tarin da na ware, ya zaro wani ɗan littafi mai bangon fata, rubutun hannu. Na ce ya ajiye, na wuta ne. Ya duba, ya ce wannan ba addu'a ba ce, Hausa ce da ajami. Wani matuƙin jirgin ruwa ne ya rubuta wuraren da yake yada zango, daga Yawuri har Gaya. Ya fara karantawa a hankali, Madam Rabi na tsokanarsa wai kafin ya kai Gaya kasuwa ta tashi.

Sai ya kira sunan tungarmu, ƙauyenmu na masunta.

Ruwa ya cinye tungarmu ina saurayi. A gidanmu ni da ƙanwata kaɗai muka fita da rai. Yau ko kututture babu a wurin. Ban taɓa faɗa wa kowa a kasuwa ba.

Littafin ya ce akwai tsamiya biyu a mashigi, mata na shanya kifi a ƙarƙashinsu. Ya ce akwai wani makaho mai gyaran komar kamun kifi, da ke gane kowane jirgi daga ƙarar filafilinsa. Na san shi, Baba Alu. Na ji warin kifin. Na ga hasken la'asar kwance a kan ruwa, da jiragenmu ɗaure suna taɓa juna. Wuƙar na hannuna, ban san tsawon lokacin da na yi haka ba.

Malam ya sa littafin a aljihu, ya tambayi kuɗinsa. Na ce ba na sayarwa ba ne.

"Ɗanladi, ni na ɗaga shi hwa. Mi za ka yi da shi? Ko baƙi guda ba ka sani ba."

"Gidanmu na ciki, Malam."

Duk da haka bai fito da shi ba. Madam Rabi ce ta raba mu. Ta ce littafi ya zauna wurina, Malam ya riƙa karanta mana shafi ɗaya kowace kasuwa. Ya ajiye shi kan buhu, ya tafi ba sallama. Kasuwa biyu bai zo ba. Ta uku sai ga shi da tabarau, ya ce in miƙo, kuma in wanke hannu tukuna.

Daga ranar ba na sa wa takarda wuƙa ko wuta sai mai karatu ya duba ta. Na kuma gane masu karatu. Rowar littafi gare su, amma ba su iya zama da labari su kaɗai.

Yanzu idon Malam ya mutu. In an kawo shi, ni ke faɗa masa shafin tungarmu da ka, yana gyara mini. Ina nan Lolo, a rumfar da ke kallon mashigin jirage.